Likkafar Kaka Ba Kayan Falo Ba Ce

Kwanan baya na je gaisuwa wani gida a Maraɗi, sai na hangi likkafar tagulla a kan teburin talabijin, an goge ta tana walƙiya, an cusa mata furen roba. Guda ɗaya ce, babu 'yar'uwarta. Raina ya sosu, domin a gidanmu na Dakoro a da akwai irinta, ta kakana, kuma wani ɗan'uwanmu ya sallama wa dillalin kayan tarihi a shekarar da hatsi ya yi tsada.

Na san likkafar kakana kamar tafin hannuna. Faffaɗa ce, tana ɗauke ƙafar mahayi gaba ɗaya, maƙeri ya zana mata ado a gefe. Cikinta ya suɗe daidai inda ƙafar tsoho ke zama, kusurwarta kuma da kaifi, don da ita yake zungurar doki a madadin kaimi. Wanda ya saye ta bai tambayi sunan mai ita ba, balle na maƙerin. Nauyinta ya auna a hannu, ya taya.

Ba na ganin laifin wanda yunwa ta sa ya sayar. Babur ya kori doki daga gidaje da yawa, ga kuɗin harawa da dusa. Ƙorafina yana kan masu hali da ke tsince tsofaffin likkafu ƙauye-ƙauye, su raba tagwaye, su kankare tsatsar da ke nuna shekarunsu, sannan su ce suna raya al'ada. Ƙasar da Birnin Lalle, tsohon mazaunin sarakunan Gobir, yake cikinta, ta fi ƙarfin a kwashe mata kayan doki kamar gwanjo.

Hawan doki kuma bai mutu ba. A 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin gadon al'adun duniya, kuma har gobe ana hawa a Maraɗi da Tibiri. Kowane mahayi yana buƙatar likkafa a ƙafarsa. Mai son ta don ado ya je wurin maƙera ya ba da aikin sabuwa, ko ya nufi Kasuwar Kurmi a Kano, ko rumfunan masu sana'a na gidan tarihin Boubou Hama a Yamai. Maƙeri ya samu na cefane, yaransa su koyi aikin.

Sirdin kakana yana nan rataye a zaure, igiyoyin likkafar biyu suna reto, babu komai a bakinsu.