Jinjina ga Gwanayen Dara na Tiga

Tun da aka kammala madatsar ruwan Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako, garin Tiga ya zama mahaɗar masunta da manoman rani da baƙi daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada har Doguwa. Duk inda maza suka taru haka, da wuya a rasa dara a gindin bishiya bayan la'asar.

Gurabe 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan kara wancan tsakuwa. Ka jera uku ka ci ɗan abokin karawarka. Huɗu kuwa ba ci ba ne. Yaro ma zai haddace wannan kafin magariba, amma ƙwarewa sai an yi furfura.

Abin da ya sa nake sara wa gwanayen shi ne yadda suke karɓar ɗan koyo. Dattijo ya hango ci tun daga zubin 'ya'ya a gurabe, sai ya kau da kai, ko ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗana, sake duba dai." Ba ya sakar masa wasan gaba ɗaya, don wannan raini ne. Yana matsa masa daidai ƙarfinsa, gobe ya ƙara ɗaure igiya.

Masu ƙera wasannin yaƙin tarihi na kwamfuta su ma da wannan daidaita wahala da ƙarfin ɗan wasa suke fama. Civilization na Sid Meier, wanda ya fito a 1991, matakan wahala biyar ya tanada, ɗan wasa ya zaɓa da kansa. Gwanin Tiga kuwa fuskar yaro yake karantawa, ga 'yan kallo na tsokana, su ma suna jefa wa yaron satar amsa.