Horon 'Yan Kwana-kwana: Da Wanne Za a Fara?

Da an ta da zancen horar da 'yan kwana-kwana, sai mu ji fareti da hawan dogon bene. To, dogayen benaye nawa ne a Kagoro? Mu gobararmu ta hunturu ce: ƙunar daji daga gindin dutse, fetur a jarka, tukunyar gas, wayar lantarki a shago. Da waɗannan ya kamata a fara. A ƙware wajen kashe wutar fetur da kumfa, don ruwa yaɗa ta yake yi. Direba ya san lungunanmu da inda zai ɗebi ruwa. Sannan kafin mota ta iso daga Kafanchan, samarinmu ne ke riƙe da bokiti. Jama'a, su ma ai a koya musu.