Gidan Yari a Matsayin Kayan Tarihi

A shekarar 2025 gwamnatin Jihar Kano ta bayyana niyyarta ta mayar da gidan yarin Kurmawa gidan tarihi. Shawarar abin yabo ce, amma a ganina ta taɓo rabin aikin ne kawai, kuma mu mutanen Sakkwato ya kamata mu fi kowa lura.

Dalili kuwa shi ne, abin da muka saba adanawa tarihin masu mulki ne. Mai ziyara yakan je Hubbaren Shehu, ya shiga Ɗakin Tarihi na Waziri Junaidu, ya ga takardu da makamai da kayan sarauta. To, ina zai je ya ji labarin talakan da alƙalin En'e ya ɗaure don ya yanki katin NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950? Har 1968 gidajen yarin nan suna hannun En'e, wato hukuma ɗaya ce ke kamu, ita ke shari'a, ita ke tsaro. Ba talaka kaɗai wannan tsari ya taɓa ba: a 1943 kotun Sarkin Musulmi ta yanke wa Ahmadu Bello Sardauna hukuncin ɗauri kan kuɗin jangali, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi.

Akwai abin koyi a ƙasar Romaniya. A kurkukun Sighet gwamnatin kwaminisanci ta tsare manyan 'yan adawa, a can ne ma tsohon firayim minista Iuliu Maniu ya mutu a 1953. Da aka fara mayar da wurin gidan tunawa a 1993, ba gyaran bango kaɗai aka yi ba. An bi waɗanda suka tsira an naɗi muryoyinsu.

Wannan shi ne rabin da nake tsoron za mu bari. Gini yana iya jira, tsofaffi ba sa jira, kuma waɗanda suka sha ɗaurin zamanin En'e saura ƙalilan. Mu malaman harshe ma muna da namu laifin. Ɗalibi nawa ne a yau zai iya bambanta mari da turu, ko ya faɗi aikin Yari a fada, ko abin da ake nufi da ɗan sarƙa? A bakin waɗannan dattawa kalmomin suke, kuma aikin naɗarsu bai fi ƙarfin Sashen Hausa guda ba.