Waƙa Ɗaya, Baki Da Yawa: Musa Ɗanƙwairo da Abokan Rerawarsa

Gabatarwa

A rumfunan masu tura waƙoƙi a waya, daga kasuwar Gwarzo zuwa Kabo, waƙar da aka ce mawaƙa biyu sun haɗu a cikinta ta fi saurin shiga, musamman in ɗayansu tsohon hannu ne. Matashin Unguwar Tudu da ya karɓi irin wannan waƙa sunaye biyu ya saya tun kafin ya ji baiti ɗaya. Aikin mai nazari shi ne ya tambaya ko waƙar tana bukatar murya ta biyun, ko kuwa baƙunta kawai aka yi. Wannan maƙala ta ɗauki Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun a matsayin ma'auni, domin ya rera waƙa da na gabansa, ya kuma rera da na bayansa.

Daga Amshi Zuwa Jagoranci

An haifi Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura wajen 1909, ya rasu a 1991. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kuma a bayansa Musa ya fara buɗe baki yana amshi. Da jagoranci ya koma hannun yayansa Kurna, sai Musa ya zama Daudun Kiɗi, wato mataimakin shugaban ƙungiya. Sai bayan wannan doguwar biyayya ya tsaya da ƙafarsa, har ya yi wa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, waƙar "Mai Dubun Nasara". A ƙarshen rayuwarsa 'ya'yansa na cikin masu karɓa masa. Ke nan muryarsa ta gauraya da ta zuriya uku: uba, ɗan'uwa da ɗa.

Wannan tarihi ne ya gina salonsa. Wanda ya daɗe yana jiran jagora ya ja numfashi kafin ya sa baki ya san darajar gurbin da ake bar wa wani. Shi ya sa da ya zama jagora bai cinye waƙa shi kaɗai ba.

Karɓi da Ƙari

Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun bambanta amshi da karɓi da ƙari. Amshi maimaita gindin waƙa ne. Karɓi shi ne 'yan amshi su cafe abin da jagora ya furta su sake rera shi. Ƙari kuwa shi ne su ƙarasa zancen da ya faro. Alhaji Mamman Shata ya fi dogara ga amshi: shi ke zuba ɗiyan waƙa, mutanensa na riƙe masa gindi, kalangu na tafiya. Ɗanmaraya Jos bai nemi ko amshin ba. Da kuntiginsa yakan zama miji ya zama mata a waƙa ɗaya, kamar a "Jawabin Aure".

Ɗanƙwairo ya bi wata hanya daban. Sau da yawa rabin jimla yake jefawa, sai mutanensa su kama ta a sama, su kai ta inda za ta sauka, kotso na biye da su. Muryarsa siririya ce mai kaifi, nasu kuma masu kauri ne a jere, wata bisa wata. In aka zare muryoyinsu daga waƙar 'Yandoton Tsafe, abin da zai rage guntayen zance ne marasa ƙarshe. Wannan ita ce shaidar haɗaka ta gaskiya: a cire murya ɗaya, ginin ya rushe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma da gangan Ɗanƙwairo ya yi jinkar da ta fi ƙarfin hannu ɗaya.

Sai dai tsarin yana da tabo. Mutanen da suka ɗauki rabin nauyin waƙa sunansu ya nutse a cikin na jagora. A kaset da rediyo Ɗanƙwairo kawai ake ambata, mu ma masu nazari muka bi sahu, muna jingina masa kowace azanci, har wadda ta fito daga bakin Daudunsa.

Darasi Daga Amurka

Kishiyar wannan tsari ta bayyana a faifan ƙarshe na Ray Charles, makahon mawaƙin Amurka da ake lissafawa cikin iyayen salon kiɗan baƙar fata mai suna soul. Faifan, Genius Loves Company, ya fito a watan Agustan 2004, bayan rasuwarsa a watan Yuni yana da shekara 73. Waƙoƙi 12 ne, kowace da baƙonta, an rubuta sunan kowa ɓaro-ɓaro, kuma ya ci lambobin yabo na Grammy guda 8. Amma waƙoƙin ba su zo daidai ba. Da B.B. King, sa'ansa, hira ce ta tsofaffi biyu da suka sha ruwa a rijiya ɗaya. Da Norah Jones, wadda ya girma da kusan shekara 50, ya sake rera waƙar da ya fara yi a 1967, ya sassauta, ya ba ta fili, har tsohuwar waƙa ta sami sabon ɗanɗano. A wasu kuwa, kowa ya rera rabonsa ya koma gefe, tarin kayan kiɗa na rufe raunin muryar dattijon. Suna ya fito, haɗuwa ba ta samu ba.

Halin Da Ake Ciki

Waƙar mutum biyu masu matsayi ɗaya, namiji da mace suna musayar baiti, ta yaɗu a ƙasar Hausa ne ta hanyar finafinan Kano na shekarun 1990, waɗanda suka ɗauko ta daga finafinan Indiya. Ta zo da adalcin ambaton suna, abin da ƙungiyar gargajiya ta rasa. Amma ɗakin ɗaukar sauti ya ba da damar kowa ya shiga shi kaɗai ya rera nasa, kwamfuta ta ɗinke. Matashin da ya gayyato dattijo ta wannan hanya albarkar sunansa ya samu, bai koyi inda yake numfasawa ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an dama ta da sauran haɗin.

Kammalawa

Ɗanƙwairo ya ba abokan rerawarsa aiki, zamaninsa ya hana su suna. Zamaninmu yana ba da suna, sau da yawa ba tare da aikin ba. Mawaƙin da ke son haɗa baki da na gabansa ya kamata ya zauna da shi har ya iya ƙarasa masa jimla. Ɗaliban adabi kuma akwai bashi a kansu: su koma ga waƙoƙin Maradun, su tantance wace murya ce ta faɗi me, tun waɗanda suka san masu muryoyin suna raye.