Sabuwar Fuska, Tsohon Inji: Yayin da Ke Cinye Kuɗin Masu Mota

Duk mai bin titin Nnamdi Azikiwe ta Tirkaniya da Nasarawa zuwa Kudenda ya san garejojin da ke gefen hanya, na masu inji da na masu waya da na masu bodi da fenti. A 'yan shekarun nan akwai aikin da ke tashe a wannan sana'a, a Kaduna da Apo ta Abuja da Ladipo ta Legas, wato sauya wa mota fuska, abin da masu yi ke kira afgired. Za a kawo Camry ko Lexus ko Prado da aka ƙera shekara goma sha biyar da suka wuce, a kwance bamba da fitilu da bonet, a yanke inda za a yanke, a yi walda, a shafe gurbin da fila, a ɗora kayan sabon samfuri, sannan a fesa fenti. Motar za ta fito tana ƙyalli sai ka ce jiya aka sauke ta daga jirgi. Inji da giya da birki da ƙafafu kuwa suna nan yadda suke, da duk gajiyar da suka tara. A ra'ayina wannan yayi asara ce ga mai mota, haɗari ne ga wanda zai saye ta daga hannunsa, kuma yana karkatar da basirar makanikanmu daga inda aka fi bukatarta. A ƙasa irin tamu darajar mota tana ga abu biyu: a san tarihinta, kuma a iya gyara ta a garin da take. Sauya fuska yana binne tarihin, yana kuma ƙara wa gyaran wahala.

Ba haka kawai mutane suka afka wa wannan yayi ba, kuma adalci ne a fara da dalilinsu. Tun 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP darajar naira ta fara zubewa, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma ga tokunbo, wato motocin hannu da ake saukewa a Legas da Kwatano. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Da farashin dala kwastan ke lissafa kuɗin fito, don haka tsadar ta bugi mai shigo da mota ta fuska biyu, wajen saye da wajen fitarwa daga tashar jirgin ruwa. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, alhali ƙaramar mota sabuwa a leda tana cin gomman miliyoyi. Sai kowa ya sauka mataki guda. Mai sayen sabuwa ya koma tokunbo, mai tokunbo ya koma 'yar gida wadda wani ya hau ya gaji, mai 'yar gida ya rungume wadda ke hannunsa. Mutumin da ya saba sauya mota duk bayan 'yan shekaru, yau ya ga ba hali, shi ne yake kai tsohuwar a yi mata sabuwar fuska don kada a gane a majalisa cewa abubuwa sun ja baya. Babu abin kunya a hawa tsohuwar mota a wannan yanayi. Abin tambaya shi ne, ɗan kuɗin da ya rage a hannu, ina ya kamata ya tafi?

Amsar tana fitowa ne idan aka dubi irin motocin da muke hawa. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma, kashi 40 cikin ɗari. Binciken da hukumomin Holan suka yi a kan waɗanda ake turowa daga tashoshinsu ya gano cewa yawancinsu ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki a lokacin da aka loda su. Daga Amurka kuma ana sayo da yawa a gwanjon kamfanonin inshora, motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye su. Kafin irin wannan mota ta iso hannun mai saye a Kaduna, mai yiwuwa an mayar da mitarta baya, an cire abin tace hayaƙin da makanikai ke kira indomi an sayar, an liƙe murfin jakar iska a sitiyari alhali babu komai a ciki, an kuma kashe fitilar gargaɗin da za ta tona asiri. A kan wannan tarin abubuwan da ba a sani ba ake zuwa a ɗora sabuwar fuska. Sabbin fitilu ba su dace da tsohuwar waya ba, sai mai waya ya yanka ya haɗa ya naɗe da tef, nan ne kuwa matsalar wuta ke farawa. Inda aka yi walda aka rufe da fila, damina biyu ta isa tsatsa ta ɓullo ta ƙarƙashin fenti. Ranar da motar ta koma kasuwa, wanda bai san karanta lambar chasis ba zai biya kuɗin shekarar da idonsa ya gani, sai ya je kasuwar Panteka neman kaya sannan ya tarar gaban motar na wata shekara ne, cikinta na wata.

Ba sai mun je nesa neman hujjar cewa mota tana iya riƙe darajarta ba tare da bin yayi ba, domin a Kakuri, maƙwabciyar Tirkaniya, aka nuna hakan. An kafa kamfanin PAN mai harhaɗa motocin Peugeot a 1972, Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antarsa a 1975, kuma a shekarun farko ta jirgin sama ake jigilar sassan mota daga Lyon zuwa Kano kafin a kawo su Kaduna a harhaɗa. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. Turai ta daina ƙera ta a 1983, amma Kakuri ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Shekara talatin ke nan ana fitar da mota guda, fuskarta kusan ba ta sauya ba, kuma babu wanda ya raina ta don haka. Shugaban ƙasa Janar Obasanjo ya hau ta a zamanin tsuke bakin aljihu, malamin makaranta ya hau ta da rancen mota, direban tashar Kawo ya cika wagon da fasinja zuwa Kano ya dawo. Abin da ya riƙe ta a fili yake. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye ramuka, injinta mai kaburata ne da bakanike zai kwance ya mayar da sifana da sukudireba. Kayanta suna ko'ina, kuma da yake samfurin bai cika sauyawa ba, abin da yaro ya koya a gareji yana amfanarsa har ya zama oga. Waɗanda suka adana tasu har yau, da fentinta na asali da tambarin zaki a gaba, suna da abin da mai afgired ba zai taɓa samu ba: duk wanda ya dube ta ya san abin da yake kallo.

Za a ce wannan begen da ne kawai, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya. 504 tana shan mai, abin da ba a wasa da shi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ba ta da jakar iska, ba ta da birkin zamani mai hana taya kullewa, kuma motar yau ta fi ta kare rai a haɗari nesa ba kusa ba. Ba ina kiran kowa ya koma kaburata ba. Darasin Kakuri shi ne mota tana daɗewa ne idan akwai kayanta a kusa, akwai hannun da ya san ta, kuma mai ita ya san abin da ke cikinta. Wannan dalilin ne ya sa Corolla da Golf da Sharan da 406 suka mamaye titunan Arewa, alhali wasu motocin da suka fi su kyau da tsada suna kwance a garejoji kan duwatsu ana jiran kaya daga Legas. Motar yau kwamfuta ke tafiyar da ita, kuma bakaniken da ba shi da na'urar gano matsala lalube zai yi, ya sauya wannan ya sauya wancan da kuɗin mai mota. Ilimin da 504 ta bukata sifana ce da kunnen sauraren inji, ilimin da Camry ke bukata ya haɗa da karanta abin da na'ura ta nuna. A can ne ya kamata basira da jari su nufa.

Wani zai ce kuɗinsa ne, motarsa ce, kuma aikin yana ciyar da masu bodi da masu fenti da yaransu. Babu mai musun haƙƙin mutum a kan dukiyarsa, kuma duk wanda ya ga yadda mai bodi ke daidaita fenda da guduma har layinta ya haɗu da na ƙofa ya san gwaninta ce ta gaske. Sai dai mota ba ta tsayawa a hannu ɗaya, kuma ba ita kaɗai ke kan titi ba. Wanda ya kashe kuɗi a bamba ya bar tayoyin da suka wuce wa'adinsu da birkin da ke kuka, ya ɗora wa iyalinsa da masu babur da masu tsallaka titi haɗarin da ba su zaɓa ba. Wanda ya sayar da ita bai faɗi ainihin shekararta ba kuwa ya shiga algus, kuma addini da al'ada duk sun yi hani da ɓoye aibin haja. Masu bodi ma ba za su rasa aiki ba, domin motocin da ke bukatar a tsayar da tsatsa, a miƙe chasis, a gyara ƙofa yadda ya kamata sun fi ƙarfin hannayen da ake da su. Musun mota kuwa a majalisa ya koma irin na gidan kallo tsakanin 'yan Arsenal da 'yan Chelsea, kowa yana kare suna da samfuri, wannan Camry Muscle wancan Camry Spider. A gidan kallo wanda aka ci ƙungiyarsa zai koma gida da ɓacin rai, gobe ya dawo. Wanda ya zaɓi mota don suna bai duba ƙarƙashinta ba, a hanyar Abuja yake gane kuskurensa, da iyali a kujerar baya.

Akwai kuma masu cewa maganin duka shi ne a toshe tokunbo a tilasta wa mutane sayen sabuwa ta gida. An gwada. Tsarin bunƙasa masana'antar mota na 2013 ya kai harajin shigo da ƙananan motoci kashi 70 cikin ɗari, an haramta shigo da su ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, sannan dokar kuɗi ta 2020 ta sassauta harajin bayan an ga farashi ya tashi. Ita kuwa PAN ta wuce daga hannun gwamnati zuwa 'yan kasuwa a 2006, ta faɗa hannun hukumar AMCON saboda bashi, aka sake sayar da ita a 2020. Masana'antar Dangote da Peugeot da ke kan hanyar Abuja ta fara fitar da motoci a 2022, kuma duk mai kishin Kaduna yana yi mata fatan alheri. Amma haraji ba ya sanya kuɗi a aljihun mai saye. Abin da ya cika titi da sabbin 504 a da shi ne naira mai ƙarfi, da rancen mota ga ma'aikata, da gwamnati mai sayen abin da aka harhaɗa a gida. Muddin ruwan da bankuna ke ɗorawa ya haura kashi 20 cikin ɗari, kuma ba a faɗaɗa hanyoyin biya a hankali irin su murabaha ba, mafi yawan mutane motar hannu za su ci gaba da saye. Saboda haka gyara kasuwar motar hannu shi ne aikin da ke gabanmu yau.

Gyaran kuwa yana farawa daga mai saye. Ya tafi da bakanikensa, ba wanda dillali ya kawo ba. A duba lambar chasis mai alamomi 17 a gwada ta da takardu, a binciki tarihinta idan daga Amurka ta zo, a jona na'ura, a ɗaga motar a leƙa ƙarƙashi, a tabbatar fitilar jakar iska tana kamawa idan an murɗa makulli sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ke da mota a hannu ya fara da taya da birki da ƙafafu da lagireto, fenti ya zo a ƙarshe. Ƙungiyar makanikai ta NATA da ƙungiyoyin dillalai suna iya sanya wa mambobinsu ƙa'ida cewa duk motar da aka sauya wa fuska a rubuta ainihin shekararta a takardar ciniki, kuma kowane gareji ya riƙa ba mai mota ɗan littafin da ake rubuta gyaran da aka yi da ranarsa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta riga ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar Panteka, da cibiyar horarwa ta PAN a Kakuri, su buɗe gajerun darussan yamma kan wayar mota da na'urar bincike, a kan kuɗin da yaron gareji daga Tirkaniya zai iya biya. Gwamnatin jiha ta tallafa da sayen na'urorin, ko da guda ɗaya ce ga kowane rukunin garejoji, a sa ta a hannun ƙungiya kowa ya riƙa amfani da ita.