Gaisuwa da Bankwana a Zauren Masoya Waƙa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren masoya waƙa na WhatsApp ko Facebook, na masoya Shata ne, ko na Ala, ko na Hamisu Breaker, zai lura cewa waƙar da aka taru dominta ba ta cin ko rabin hirar. Abin da ya fi yawa shi ne barka da asuba, ya aka ji da zafi, maiɗakin wane ta sauka lafiya, wane yana kwance a asibiti, wance za ta tafi bautar ƙasa. Wasu na ganin wannan cika wa mutane waya ne kawai, har shugabannin zaure kan kafa masa doka. Ni a ganina nan zumuncin yake, kuma al'ada ce mai tsari da asali.

Ta girmi wayar salula nesa ba kusa ba. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya daɗe yana gabatar da shirin Zaɓi Sonka. Mutum zai sayi kati, ya rubuta sunansa da garinsu, ya jero waɗanda yake gaisarwa, sannan ya zaɓi waƙa. Sau da yawa karanta sunayen kan ci lokaci fiye da waƙar. Ta gajeren zango, mai shago a Gusau ya san sunan tela a Maraɗi ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, har 'yan zaɓi sonka suka kafa ƙungiyoyi, suna halartar biki da sunan juna. Da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, kira kai tsaye ya fara ture kati, daga baya hirar ta koma zaurukan waya. Abin da ya sauya shi ne babu sauran mai gabatarwa da zai tace saƙo, kowa da bakinsa yake magana.

Inda al'adar ta fi nuna kanta shi ne wajen bankwana. Bahaushe ba ya son a ce ya tashi daga majalisa bai yi sallama ba, kuma saƙon barin zaure yana da siffar da kusan ba ta sauyawa. Za a fara da sallama, a faɗi dalili a taƙaice: karatu ya matso, an sace waya, za a tafi Hajji, ko azumi ya zo ana son a huta da sauraron kiɗa. Sai a zo ga ƙashin bayan saƙon: "Don Allah duk wanda na ɓata wa, da sanina ko ba da sanina ba, ya yafe min." Amsar ma sananniya ce: "Ba ka yi mana komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Wannan shi ne abin da maniyyaci ke yi gida gida kafin ya hau jirgi, kuma tushensa imanin cewa haƙƙin ɗan'adam ba ya sauka sai mai shi ya yafe.

Kada a ɗauka baki ne kawai. A zauren waƙa ana musu mai zafi: wa ya fi tsakanin Shata da Ɗanƙwairo, wa ya ɗauki karin wani, wane mawaƙi ya sayar da kansa ga 'yan siyasa. Ana jifan juna da habaici, wasa kan wuce gona da iri. Don haka neman yafiyar yana da aikin yi, domin akwai abin yafewa.

Bankwanan mata ya fi taɓa ni. Budurwar da ta shekara tana turo baitocin Fati Nijar ko na Nura M. Inuwa za ta rubuta cewa an sa rana, kuma angon bai amince ta ci gaba da zama a zauren da ke da maza ba. Za a yi ta Allah ya sanya alheri, Allah ya ba da zaman lafiya, wasu su haɗa mata gudummawa. Ba kasafai ake tambayar ko ita tana son tafiyar ba. Zauren kan rasa wadda ta fi kowa haddar waƙoƙi, kuma babu mai kiran abin asara.

Sai kuma bankwanan da mai shi ba ya samun damar yi. Ƙane ko mata za su ɗauki wayar mamaci su rubuta cewa mai wannan lamba Allah ya yi masa rasuwa, za a yi jana'iza bayan la'asar, wanda yake binsa bashi ya yi magana. A zauruka da dama nan take ake dakatar da tura waƙa, a koma addu'a, na kusa su je gaisuwa a madadin sauran. Mutanen da kiɗa ya haɗa su ne ke kashe kiɗan don girmama ɗayansu. Sau da yawa shugaban zaure kan kasa cire lambar, ta zauna har kamfanin waya ya sake sayar da layin, wata rana a ga hoton baƙo a kan sunan da aka saba.

Abin da ke cin al'adar yanzu shi ne sauƙi. Sitika ɗaya mai rubutun ta'aziyya za ka ga mutum ashirin sun tura a jere, ba wanda ya ambaci sunan mamacin, balle wani alheri da ya san shi da shi. Wanda ya sayi katin Zaɓi Sonka kuwa sai da ya zauna ya rubuta kowane suna da hannunsa. Ga kuma masu sulalewa ba sallama, sai dai a ga waya ta nuna wane ya fita, a bar mutane da zargin ko an ɓata masa rai.

Ga shugabannin zaure, kada ku hana gaisuwa da sunan tsafta, ku dai ware mata lokaci. Ga sauranmu, idan ɗan zaure ya rasu, a rubuta sunansa, a faɗi abu ɗaya da aka san shi da shi, sannan a yi masa addu'a.