Kunama da Kunne: Sirrin Gwanayen Harbi

A ƙarshen watan Yulin 2024, a garin Châteauroux na ƙasar Faransa, wani dattijo ɗan Turkiyya mai suna Yusuf Dikeç ya tsaya a filin gasar harbi ta Olamfik sanye da farar riga da tabarau irin na kowa, hannunsa na hagu a aljihu, kamar mai jiran a miƙo masa shayi. Shekarunsa 51, kuma wannan ne zuwansa Olamfik karo na biyar. Shi da abokiyar wasansa Şevval İlayda Tarhan suka ciyo wa Turkiyya lambar azurfa, ta farko da ƙasar ta taɓa samu a harbi. Hotonsa ya zaga duniya, ana ta cewa mutumin bai zo da kayan aiki ko ɗaya ba. Amma wanda ya ƙura wa hoton ido zai hango ɗan abin toshe kunne a kunnensa. Gwani ya yarda ya bar kayan ƙawa a gida, bai yarda ya bar kunnensa a buɗe ba.

A wannan gasa ana harbi ne da ƙaramar bindiga mai aiki da iska, daga nisan mita 10, da hannu ɗaya, ba jingina. Da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta milimita 11.5 ne, kusan maɓallin riga. A gasar mutum ɗaya, harbi 60 ake yi cikin minti 75. Babu ɗan Adam ɗin da hannunsa ke tsayawa cak. Bugun zuciya ma kaɗai yana kaɗa bakin bindiga. Saboda haka maharbi ba ya jiran rawar hannu ta ƙare. Yana barin ta tana ɗan shawagi a kan saiti, shi kuwa yana ƙara wa manuninsa nauyi sannu a hankali, har harbin ya fita ba tare da ya zaɓi daƙiƙar ba. Wanda ya ce "yanzu!" a ransa ya fizgi kunamar bindiga, harsashinsa ya bar tsakiya.

Kunamar irin waɗannan bindigogi mataki biyu gare ta. Da farko yatsa yana tafiya cikin sauƙi, sai ya ji ya dafa wani ɗan bango. A nan maharbi ke tsayawa, ya sassauta numfashi, ya ci gaba da matsawa har bangon ya faɗi. Dokar gasa ta ce kada nauyin jan kunamar ya gaza giram 500, wato nauyin ledar fiya wata guda. A gasar mita 25, inda ake harba harsashi na gaske, giram 1,000 ne. Yadda alƙalai ke gwadawa abin kallo ne: a ɗaga bakin bindiga sama, a rataya wa kunama ƙarfen awo, a ɗaga a hankali. In kunama ta ɗauki nauyin ba ta saki ba, an wuce. In ta saki, maharbi na iya rasa duk makin da ya tara. Bindigar aiki kuwa lissafinta daban ne. Ƙirar Glock da 'yan sanda da yawa ke riƙewa tana buƙatar kusan kilo biyu da rabi, kuma rundunar 'yan sandan birnin New York ta shafe shekaru tana ɗora wa jami'anta kunama mai nauyin fiye da kilo biyar, don kada yatsan mai firgita ya yi ɓarna.

A bayan kowane maharbi akwai wani gwanin da kyamara ba ta nema, wato mai gyaran bindiga. Kamfanoni irin su Pardini na Italiya da Morini na Suwizalan da Steyr na Ostiriya sukan tura nasu masu gyaran zuwa manyan gasanni. Idan maharbi ya zo yana kukan kunamarsa ta lalace, gwanin ba ya saurin ɗauko sukundireba. Tambaya yake fara yi: yaushe abin ya soma, me ka canza kafin nan, wa ya taɓa ta? Sau da yawa amsar ita ce mai bindigar ne da kansa ya sayo sababbin sassa don kunama ta yi laushi, aka yi gyaran gangar Auzinawa. Kunama ta daina komawa mazauninta bayan harbi, ko bugun ya yi rauni harsashi ya ƙi tashi, ko kuma mafi muni, bindiga ta tashi da kanta in ta faɗi ƙasa. Abin da gwanin ke yi shi ne ya mayar da komai yadda kamfani ya ƙera, ya tabbatar da duk makaran tsaro suna aiki, sannan ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya har ya kama mai laifi. Kuma yana da ƙarfin halin da zai dubi zakara ya ce masa: "Bindigarka lafiyarta ƙalau, hannunka ne."

To me ke ɓata hannun? Galibi kunne ne. Jikin mutum yana zabura idan ya ji ƙara mai tsanani, kuma bayan harbi kaɗan sai ya koyi zabura tun kafin ƙarar ta zo: ido ya ƙifta, kafaɗa ta ɗaure, bakin bindiga ya sunkuya. Masu horarwa suna da dabarar tona wannan asiri. Sukan cusa harsashin wofi a cikin na gaske ba tare da ɗalibi ya sani ba. Ya ja kunama, shiru, amma kowa ya ga bindiga ta yi ƙasa. Maganin shi ne atisaye da bindiga marar harsashi, sau dubbai, da kuma toshe kunne sosai don jiki ya daina jin tsoro. Tarihin maharbi Károly Takács ɗan ƙasar Hangari ya nuna inda gwanintar take zaune. A 1938 gurneti ya lalata masa hannun dama yana soja. Ya koya wa hagunsa aikin, ya ci zinare a Landan a 1948, ya sake ci a Helsinki a 1952. Hannu ya tafi, natsuwar ba ta bi shi ba.

Kunne kuwa ba shi da na canji. A can bayan dodon kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cikinsa da 'yan ƙwayoyi masu gashi kusan 16,000, su ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. A ma'aunin ƙarfin sauti, hirar mutane tana kai desibel 60. Daga 85 zuwa sama, yini guda na aiki yana iya yin lahani. Ƙarar bindiga mai harsashi tana farawa ne daga wajen 140, manya kuma suna haura 160, inda harbi ɗaya tak ya isa ya bar tabo. Abin mamaki, mai harbi da doguwar bindiga a kafaɗar dama kunnensa na hagu ne ya fi cutuwa, domin shi ke fuskantar bakin bindiga, na daman kuma kai ya kare shi. Idan ƙwayoyin nan suka lalace, ƙwaƙwalwa takan ƙara wa kanta murya don neman sautin da ya ɓace, sai mutum ya riƙa jin kukan gyare ko fito ko ƙugi a kunnensa alhali ɗaki shiru. A Amurka wannan ƙugin kunne shi ne lalurar da tsofaffin sojoji suka fi karɓar diyya a kanta, mutum fiye da miliyan biyu.

Zama da ƙugin ma gwaninta ce da ake koyo. Har yau babu ƙwayar maganin da ke kashe shi. A 1990 wani masani haifaffen Folan, Pawel Jastreboff, ya bayyana cewa azabar ba daga ƙarfin sautin kaɗai take ba, tana zuwa ne daga yadda ƙwaƙwalwa ta ɗauke shi a matsayin barazana. Wanda gidansa ke bakin titi ba ya jin motoci, amma sauro ɗaya ya hana shi barci. Daga nan aka gina hanyar horar da ƙwaƙwalwa ta mayar da ƙugin cikin abubuwan da ba ta kula da su. Likitan ji zai auna kunne, ya bayyana wa mutum abin da ke faruwa har tsoro ya ragu, ya hana shi zama cikin shiru tsit. Da dare a bar fanka tana juyawa ko rediyo can ƙasa-ƙasa, yadda ba zai binne ƙugin gaba ɗaya ba, don ƙwaƙwalwa ta saba da shi. Wanda jinsa ya ragu, na'urar ƙara ji takan sauƙaƙa masa. Abin yana ɗaukar watanni. Haƙurin da maharbi ke yi da rawar hannunsa, irinsa ake yi da kukan kunne.

Mu ma nan gida ba baƙin wannan ƙara ba ne. Masu bindigar sarki da ke tashin albarushi a hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau, mafarauta, sojoji da 'yan sanda, har da mai injin niƙa da maƙeri, duk kunnuwansu na biyan kuɗin sana'a. Cusa auduga ba ya tare ƙarar bindiga. Abin toshe kunne na soso da ake murzawa a tura ciki shi ne na gaske, kuma inda ƙara ta yi tsanani a ɗora marufin kunne a kansa. A nisanta yara da bakin bindiga ranar hawa. Wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya, ko ƙugin na kunne ɗaya ne, ko yana bugawa tare da zuciya, ya garzaya wurin likitan kunne ba tare da jinkiri ba; akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma sassan kunne da hanci da maƙogwaro a manyan asibitocinmu. Kunama in ta lalace ana sayo wata. Don Allah a toshe kunne kafin a ja ta.